Wuƙar injin yankan fallen ƙarfe: yadda nake zaɓenta da yadda nake riƙonta

Injin da na fi daɗewa a kansa na haidurolik ne, wato mai aiki da matsin mai, tsawon bakinsa mita 3.2, a jikinsa kuma an buga cewa iyakar kaurin da yake yanka milimita 6 ne. Wuƙa biyu ce a cikinsa, ta sama mai saukowa da ta ƙasa da ke ɗaure a bakin tebur. Duk lokacin da wani abokin sana'a ya zo mini da kukan cewa an sayar masa da wuƙar banza, ba na tambayarsa inda ya saya. Cewa nake yi ya kawo mini guntun ƙarfen da ya yanka da ita a ranar. In na juya guntun nan a hannu na kalli bakinsa a haske, sau da yawa nakan gane cewa wuƙar ba ta da laifi, saitinta ne ya kashe ta.

Sai ka fahimci abin da wuƙar take yi kafin bakin yankan ya yi maka magana. Ba ratsa ƙarfe take yi daga sama har ƙasa kamar reza a takarda ba. Dannawa take yi, ta nutsa kaɗan, a baƙin ƙarfe na yau da kullum wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, daga nan sai tsaga ta taso daga wuƙar sama, wata ta taso daga ta ƙasa, su haɗu a tsakiya, sauran ƙarfen ya ɓalle da kansa. Shi ya sa bakin yanka mai kyau yake da fasali huɗu. Can sama akwai ɗan gefen da ya dannu ya yi kwana. Ƙasa da shi akwai zane mai sheƙi, inda wuƙa ta goga. Sai wuri mai kaushi, launin toka, inda ƙarfen ya karye. A can ƙasa kuma sai ƙaya, ɗan tsinin nan mai tsaga yatsa. In zanen mai sheƙi ya tafi santal da faɗi ɗaya daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ƙayar kuma da ƙyar farce yake jin ta, to injinka lafiya lau. Ni ma'aunina shi ne kada tsayin ƙaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na kaurin fallen. Da ta wuce haka nake tsayar da aiki in duba.

Abin da ke sa tsagogin nan biyu su haɗu ko su saɓa shi ne tazarar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa, kuma a nan ne akasarin wuƙaƙe suke mutuwa. In tazarar ta yi yawa, ƙarfen ba ya karyewa da wuri, sai ya lanƙwashe ya nemi shiga tsakanin wuƙaƙen. Kwanan sama zai yi girma, ƙaya ta yi tsawo, in fallen siriri ne ma sai ya naɗe kawai ya maƙale, ya tura wuƙaƙen gefe. In kuma tazarar ta matse fiye da kima, tsagogin suna saɓa wa juna, sai wuƙa ta sake yanka abin da ya rage a karo na biyu. Za ka ga zane mai sheƙi biyu a baki ɗaya, za ka ji inji yana nishi, kaifin kuma yana cinyewa da sauri. Wannan na biyun ya fi yaudara, domin yankan yakan fito fes a ido, mai aiki yana jin daɗi, alhali wuƙa tana ƙarewa.

A baƙin ƙarfe ina farawa ne daga kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na kauri. Falle mai milimita 1 yana son tazarar milimita 0.07 zuwa 0.1. Mai milimita 3 yana son 0.2 zuwa 0.3. Mai milimita 6 kuma daga wajen 0.4 zuwa 0.6. Alminiyom da jan ƙarfe masu laushi ne, nakan ɗan matse musu. Amma in injinka yana da jadawali a jikinsa ko a littafinsa, shi za ka bi, domin wanda ya ƙera shi ya san yadda gangar jikinsa ke buɗewa in nauyi ya hau. Abin da nake roƙonka kawai shi ne ka riƙa juya hannun saitin tazara duk lokacin da kauri ya canza. Aikin daƙiƙa goma ne. Na sha ganin an gama yankan faranti mai milimita 6, an ɗauko langa-langa an tura ba tare da an taɓa saiti ba, ko kuma a yi akasin haka, wanda ya fi muni: tazara tana kan 0.1 a danna mata faranti mai kauri. Ƙarar da za ka ji a ranar ba za ka manta da ita ba, kuma da wuya kaifin ya fita ba giɓi.

Kada kuma ka amince da lambar da hannun saiti yake nunawa har abada. Bayan an juya wuƙa ko an wasa ta, lambar na iya cewa 0.2 alhali ainihin tazarar 0.35 ce. Filageji, wato ma'aunin nan mai siraran ganyayen ƙarfe da aka rubuta wa kowanne kaurinsa, shi ne alƙali.

To, in wuƙar ta ƙare da gaske ko kuma kana neman sabuwa, wane ƙarfe za ka ce a yi maka da shi? Tambayar da mutane suka fi yi ita ce wacce ta fi tauri, kuma tambaya ce mai kai mutum ga asara. Tauri da gautsi tare suke tafiya. Wuƙar da ta fi jure goga ita ce ta fi saurin ɓantarewa in ta sha duka, wadda ta fi jure duka kuma ta fi saurin dakushewa. Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell, za ka ga an rubuta HRC a gaban lamba, kuma ratar maki uku ko huɗu a wannan ma'auni babban abu ne a bakin wuƙa.

A cikin nau'o'in ƙarfen wuƙa, D2 ita ce wadda aka fi sani, a takardun Jamus lambarta 1.2379. Tana da sinadarin kabon wajen kashi 1.5 da kuromiyom wajen kashi 12 cikin 100, ana gasa ta ta kai HRC 58 zuwa 62. In aikinka siraran falle ne har zuwa milimita 6, ko ƙarfen da ba ya tsatsa wanda muke kira sitenles, ko falle mai rufin tutiya, ita nake zaɓa, domin tana daɗewa ba ta nemi washi ba. Laifinta ɗaya, ba ta yafe duka. Masu ƙera wuƙa na ƙasar Sin suna da ƙanwarta mai suna Cr12MoV, halinsu kusan ɗaya ne. In kuwa faranti mai kauri kake yanka, milimita 10, 12 zuwa sama, inda kowane sara yake girgiza ƙasa, to nemi ƙarfen da aka yi don shan duka, irin S7 ko 6CrW2Si. Kabon ɗin S7 wajen kashi 0.5 ne kacal, taurinta yakan tsaya tsakanin HRC 54 da 58. Za ta riga D2 dakushewa, amma dakushewa washi ke gyara ta, giɓi mai zurfi kuwa sai an cinye ƙarfe mai yawa kafin a kai gindinsa. A tsakanin su biyun akwai A2 mai kuromiyom kashi 5, wadda ta dace da wanda aikinsa gauraye ne. Da yawa daga cikin ƙananan injunan da ke fitowa daga Sin da wuƙar 9CrSi suke zuwa. Tana yin aiki a kan baƙin ƙarfe siriri, amma in ka ɗora mata sitenles kullum ba za ta kai ko'ina ba. H13 ta masu yankan ƙarfe da zafinsa ce, wuƙa mai bakin kabayid, wani haɗi mai matuƙar tauri, kuma ta masana'antun da ke yankan fallen cikin taransifoma ce dare da rana. Ba na jin mai ƙaramin wurin aiki yana da buƙatar ɗaya daga cikinsu.

Shawarar da nake ba kowa ita ce ya zaɓi wuƙa da la'akari da abu mafi kauri da mafi tauri da yake sakawa a inji, ko da sau ɗaya a mako ne. Aikin kullum dakusar da wuƙa yake yi a hankali. Wancan aikin na sau ɗaya shi ke fasa ta.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata duk mai taka fedar injin nan ya sani. Wuƙar sama ba a kwance take daidai da ta ƙasa ba, a ɗan karkace take, yawanci daga rabin digiri zuwa digiri 2.5, don ta riƙa cin fallen kaɗan-kaɗan daga gefe ɗaya kamar almakashi. Saboda wannan karkata, ƙarfin da inji yake buƙata ba ya bin tsawon falle, kauri yake bi, kuma ninki kan ninki. In kauri ya ninka biyu, ƙarfin da ake buƙata ninki huɗu yake yi. Don haka mai cewa “ai guntu ne, faɗinsa bai fi tafin hannu ba” yana tura milimita 10 a injin milimita 6, ya ɗora wa wuƙa nauyin da ya kusa ninka iyakarta sau uku. Lambar da aka buga a jikin inji kuma ta baƙin ƙarfe ce mai ƙarfin ja wajen 450 a ma'aunin niyuton kan kowace murabba'in milimita. Sitenles samfurin 304 ya fi haka ƙarfi nesa, ga shi yana ƙara tauri yayin da ake danna shi. A injina mai milimita 6 ba na wuce milimita 4 a sitenles.

In injinka yana ba da damar canza karkatar, rage ta a siraran falle. Karkata mai yawa tana sauƙaƙa wa inji, amma ita ke sa siririn yanki ya fito a murɗe kamar igiya ko ya tanƙware. Wannan murɗewar ba laifin kaifi ba ce, kada ka kai wuƙa washi saboda ita. Yankin da faɗinsa bai kai ninki 10 na kaurinsa ba da wuya ya fito a miƙe a kowane inji.

Wajen yin oda, kada ka tsaya a sunan inji kawai. Kwance tsohuwar wuƙa ka auna tsawo, tsayi da kauri, ka ƙirga ramukan noti, ka auna tazarar kowane rami daga ƙarshe ɗaya, ba daga rami zuwa rami ba, don kuskure kada ya taru. Duba ko ramukan masu zare ne ko masu mazaunin kan noti. Ka tuna tsohuwar an sha wasa ta, don haka kaurinta na asali a littafin inji za ka same shi. Sannan ka san irin injinka. Wanda wuƙarsa ke saukowa a miƙe, duka wuƙaƙensa biyu masu kaifi huɗu ne. Wanda kansa ke lilo ya sauko a lanƙwashe, galibi ta samansa kaifi biyu gare ta, ta ƙasa huɗu. Nemi mai sayarwa ya rubuta maka sunan ƙarfen da lambar taurinsa a takarda. Na taɓa karɓar wuƙa daga wani dillali da ya ce mini D2 ce da baki kawai, ko wata biyu ba ta yi ba kaifinta ya kwanta, da na goga mata magagari a gefe sai ga shi yana ci. Wuƙar da ta kai HRC 60 magagari zamewa yake yi a kanta.

Juya wuƙa kyauta ce da mai ƙira ya ba ka, sau uku in mai kaifi huɗu ce kafin ka biya kuɗin washi, amma sai ka juya a kan lokaci. Mutane suna jira har sai yanka ya lalace sarai. A lokacin kaifin ya riga ya zama kwana mai faɗi, ya ci har cikin fuskar da kaifi na gaba yake buƙata, mai washi kuma dole ya cire ƙarfe mai yawa. Ni alamomina uku ne: ƙaya ta ƙaru alhali tazara daidai take, ƙarar sara ta tashi daga “kas” ta koma “dum”, ko kuma in haska fitila a kaifi in ga layin haske yana dawo mini. Kaifi mai kyau ba ya mayar da haske.

Ranar juyawa ba ranar gaggawa ba ce. Kashe wuta daga babban makunni, ka kulle shi, makullin ya zauna a aljihunka. Sauke matsin mai, ka tokare kan injin da katako mai ƙarfi ko ƙarfe, domin wasu injunan suna da tukunyar iskar naitirojin mai mayar da kai sama, kuma tana riƙe da ƙarfinta ko babu wuta. Wuƙa mai mita 3.2, tsayi milimita 80, kauri 20, nauyinta ya kai kilo 40, ga kaifi ta kowane gefe. Mutum biyu ne aƙalla, da safar hannu mai kauri, da katako a ƙasa inda za ta sauka. Maigidan da ya koya mini aiki ba ya barin kowa ya sa hannu a ƙarƙashin wuƙar da aka kwance wa noti ko da guda ɗaya ne, ni ma haka nake yi da yaran da ke koyo a hannuna.

Bayan ta fito, mazauninta ne abin kula. Wanke shi tas, ka kankare tsatsa da busasshen mai, ka shafa yatsa ka tabbata babu ko ƙwayar ƙarfe ɗaya. Ɓarɓashin da bai kai kaurin gashi ba in ya kwanta a bayan wuƙa zai turo ta gaba a wurin, ka wayi gari wuƙaƙe suna cizon juna a tsakiya. In ka mayar, ɗaura notuna da hannu tukuna, sannan ka ƙara musu ƙarfi daga tsakiya kana fita zuwa gefe biyu, don wuƙar ta kwanta ba tare da ta yi ciki ba. Buɗe tazara har ƙarshe kafin ka fara sauke kan inji, ka sauke shi a hankali, kana zura filageji a daidai inda wuƙaƙen suke haɗuwa, kusa da kowane noti, daga wannan ƙarshen har wancan. Notunan turi da ke bayan wuƙar ƙasa da su ake gyara inda ya buɗe ko ya matse. Wasu masu ƙira suna so tsakiya ta ɗan fi gefe matsewa saboda nan ne inji yake buɗewa a ƙarƙashin nauyi, wannan sai ka duba littafinka. In na gama, nakan matse tazara zuwa ƙaramar lamba in gwada da takarda a wuri biyar ko shida. Inda ta yanku fes, daidai ne. Inda ta naɗe, a buɗe yake. Bayan aikin kwana ɗaya ko biyu nakan sake bin notunan da sifana.

Da kaifi huɗun sun ƙare, sai washi, kuma a nan ina da zafi. Kada ka bari kowa ya taɓa wuƙar nan da giranda ta hannu. Ba za ta taɓa fitowa a miƙe ba, zafin dutsen kuma yana kashe taurin da aka sha wahala aka gasa mata. Wurin da ya canza launi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi ya ƙone, ko dai ya yi laushi ko ya cika da ƙananan tsagogin da ido ba ya gani, waɗanda za su zama giɓi a makon farko. Wuƙar injin yanka tana buƙatar dogon injin washi mai tebur, wanda ruwan sanyaya yake kwarara a kansa, ana cire ƙarfe kaɗan-kaɗan. Kai ta sama da ta ƙasa tare. In wuƙarka gunduwa-gunduwa ce, a wasa gunduwoyin a jere a zama ɗaya don kaurinsu ya zo ɗaya. Ka roƙi mai washi ya cire mata maganaɗisun da ta ɗauka daga teburinsa, in ba haka ba za ta riƙa janyo ɓarɓashin ƙarfe zuwa bakinta. Ka kuma tambaye shi nawa ya cire, domin daidai wannan adadin za ka cike da siririn fallen ciko a ƙarƙashin wuƙar ƙasa har bakinta ya zo daidai da tebur. In ta zauna ƙasa da tebur, falle zai riƙa lanƙwashewa a bakin yanka duk lokacin da ƙafafun dannawa, masu danne falle a kan tebur kafin sara, suka sauko. Ciko ɗaya mai tsawo ya fi tarin guntaye.

Giɓi mafi girma da na taɓa yi wa wuƙa, layin walda ne ya jawo shi. Faranti ne da aka haɗa biyu aka goge wurin ya yi sumul, ban lura ba na tura shi, D2 ta ɓantare wajen faɗin farce. Tun daga ranar nake juya kowane faranti in duba bayansa. Layin walda, gefen da aka yanka da wutar gas, rodi, zagayayyen ƙarfe, noti, ƙarfen sifirin, da faranti mai jure goga irin Hardox, duk ba abincin wannan wuƙa ba ne. Abu mai zagaye yana tara nauyin injin gaba ɗaya a ɗigo ɗaya na kaifi. Haka nan kada ka haɗa falle biyu ka yanka a tare, kada kuma ka yanki guntun da ƙafar dannawa ba ta kama shi ba, domin zai miƙe tsaye ya shige tsakanin wuƙaƙe.

Sauran kulawar ƙananan abubuwa ne na kullum. Share yashi da ɓawon tsatsa daga falle kafin ya hau tebur, su ne dutsen da ke cin kaifi a ɓoye. Shafa wa wuƙa mai kaɗan da burushi da safe, inji a kashe. Alminiyom da tutiya suna manne wa kaifi su taru, a cire su da dutsen washi mai laushi a kwance a fuskar wuƙa, ko da guntun tagulla. Kafin ka yanki sitenles goge wuƙa da tebur, don ƙurar baƙin ƙarfe in ta nutse a bakinsa za ta fito da ɗigon tsatsa daga baya. Sannan akwai ɗabi'ar da kusan kowa yake da ita, ta yanka komai a gefen da sandar daidaita kusurwa take, wato sandar da ake jingina falle da ita don yanka ya fito daidai. Rabin mitar farko sai ta dakushe alhali sauran wuƙar sabuwa ce fil, kuma in aka tashi washi duk tsawon za a ci. In aikin ba ya buƙatar sandar, matsa da shi tsakiya ko ɗaya gefen.

A cikin murfin akwatin wutar injina na manna takarda. Kowane kaifi na ba shi lamba daga 1 zuwa 4, na buga lambar da ɗigon fenti a ƙarshen wuƙar. Duk ranar da na juya sai in rubuta kwanan wata, kaifin da ya hau aiki, da tazarar da filageji ya ba ni a hagu, tsakiya da dama. In an dawo da ita daga washi in ƙara da kaurin da ya rage da cikon da na sa. Guntun farko da na yanka bayan kowane saiti kuma nakan rataye shi a ƙusa kusa da injin, don in ƙaya ta fara fitowa bayan wata biyu in sami abin da zan kara da shi.